Mayar da Wurin Aikin Wucin-gadi na Rumbun Bayanai Cikin RAM: Inda Riba Take da Inda Tarko Yake

Duk wata manhajar rumbun bayanai, MySQL ce ko PostgreSQL ko SQL Server, rubutu iri biyu take yi a kan diski. Na farko shi ne amanar da aka ba ta: sunayen masu hulɗa, lissafin kuɗi, tarihin ciniki. Wannan ko wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, dole a dawo a tarar da shi yadda aka bar shi. Na biyu kuwa nata ne na kanta, kamar takardar gefe da mai lissafi yake tara alkaluma a kanta kafin ya rubuta amsa a littafi. Da amsar ta fito, takardar ta gama amfani, sai kwandon shara.

To tunda babu mai neman wannan takarda gobe, me zai sa a wahalar da diski da ita? A ajiye ta a RAM mana, wato memorin aiki na inji, inda karatu da rubutu suka fi sauri nesa ba kusa ba. Wannan shawara ta daɗe tana yawo a tsakanin masu kula da sabobi, kuma akwai wuraren da kwalliyarta ta biya kuɗin sabulu. Sai dai masu ba da ita ba su cika faɗin sauran zancen ba. RAM ɗin da za a ba fayilolin wucin-gadi ba daga sama zai faɗo ba, daga bakin wani aikin za a cire shi. Kuma ranar da wurin ya cika, abin da a da jinkiri kawai yake jawowa zai koma yana kashe tambaya, wani lokacin ma ya durƙusar da rumbun gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin wannan gyara na ƙarshen layi ne, bayan an gwada waɗanda suka fi shi arha.

Me ke kai rumbu ga rubutun wucin-gadi

A ɗauka an nemi rumbu ya kawo cinikin shekara guda, a jere daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, kuma teburin yana da layi miliyan 10. Idan akwai fihirisa a kan gurbin da ake son jerawa da shi, rumbun yana iya bin fihirisar kawai, domin ita dama a jere take. Idan babu, dole ya tattaro layukan ya jera su da kansa. In kowane layi ya kai bait 200, ana maganar wajen gigabait 2 ke nan. Wurin da MySQL take warewa don jerawa, wanda ake saitawa da sort_buffer_size, kilobait 256 ne kacal in ba a taɓa shi ba. Na PostgreSQL, wato work_mem, megabait 4 ne. Sai rumbun ya ɗebi iya abin da wurin zai ɗauka, ya jera, ya zuba a fayil, ya sake ɗebo wani. In ya gama ya dawo ya haɗe gutsattsarin su zama jeri ɗaya. In sun yi yawa, haɗewar ma sai an yi ta zagaye fiye da ɗaya, kowane zagaye da karatunsa da rubutunsa.

Ba jerawa kaɗai ke jawo haka ba. GROUP BY, DISTINCT, UNION, tambaya a cikin tambaya, haɗa manyan tebura biyu da ba su da fihirisar da ta dace, duk suna iya sa rumbu ya gina teburin wucin-gadi wanda mai tambayar bai ma san an gina ba. Gina sabuwar fihirisa ma jerawa ce, babba kuwa.

RAM yana amsawa a kusan nanosakan 100. Diskin NVMe na zamani yana ɗaukar har zuwa wajen maikurosakan 100 a karatu guda, wato tazarar tana kaiwa ninki ɗaruruwa zuwa dubu. Tsohon diski mai juyawa sau 7,200 a minti kuwa, jiran faifan ya juyo da wurin da ake so kaɗai yana cin milisakan 4 a matsakaici, ban da tafiyar allurar da ke karatu. In an haɗa, kusan milisakan 10. A zamanin irin wannan diski aka haifi shawarar, kuma a lokacin ta fi ƙarfin gardama. Yau mai NVMe a cikin injinsa ya huta da mafi yawan wannan ciwo. Wanda ya gaje shi shi ne mai saba a gajimare, wanda diskinsa yake can wani wuri ana isa gare shi ta hanyar sadarwa, kuma an ƙayyade masa kason da zai ci. Diskin gp3 na Amazon, alal misali, yana farawa ne da ayyukan karatu ko rubutu 3,000 da megabait 125 a kowane sakan. Rubuta gigabait 2 a wannan ma'auni zai ci wajen sakan 16, kuma duk tsawon lokacin ainihin rubutun ciniki yana rububin hanya ɗaya da sharar da za a zubar nan da minti guda.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani kafin a yi zumuɗi. Idan manhaja ta rubuta fayil a Linux, ba nan take rubutun yake isa diski ba. Linux tana riƙe shi a RAM tukuna, a ma'ajinta na shafukan fayiloli, sai daga baya ta sauke shi. Bisa saitin asali, shafi yana iya zama sakan 30 kafin a ce lokacin saukarsa ya yi, sai fa idan shafukan da ke jiran sauka sun haura kashi 10 cikin 100 na memorin da ke akwai, a nan ne take fara saukewa da wuri. Ga bayanan amana, rumbu ba ya yarda da wannan jira: yana kiran fsync ya tilasta a kai su diski kafin ya ce ciniki, wato dunƙulen aikin da aka ba shi, ya tabbata. Ga fayilolin wucin-gadi kuwa ba ya kira. Saboda haka fayil ɗin da aka buɗe, aka cika, aka karanta, aka goge cikin sakan biyu, mai yiwuwa ne bai taɓa ganin diski ba. Dama a RAM ya rayu ya mutu. Wanda matsalarsa dubban ƙananan fayiloli ce masu gajeren rai, in ya koma tmpfs, wato foldar da Linux take riƙewa a RAM, ribarsa kaɗan ce, ba ta wuce ɗawainiyar da tsarin fayiloli yake yi wajen rajistar buɗewa da gogewa ba. Ribar tana fitowa ne inda fayilolin suke da girma, ko suke daɗewa, ko suke zuwa da yawa lokaci guda har Linux ta fara saukewa dole.

A auna tukuna

A MySQL da MariaDB, umarnin SHOW GLOBAL STATUS yana nuna alkaluma huɗu da suka shafi batun: Created_tmp_tables, Created_tmp_disk_tables, Created_tmp_files da Sort_merge_passes. Kada girman lambar ya tsorata mutum, domin tun ranar da aka kunna sabar take taruwa. A ɗauke ta yanzu, a sake ɗauka bayan awa guda a lokacin da aiki ya fi cunkoso, a duba bambancin. Sannan a bi tambayoyin da suka fi jinkiri da EXPLAIN. Inda aka ga Using temporary, akwai teburin wucin-gadi. Inda aka ga Using filesort, rumbun yana jerawa da kansa ne ba da fihirisa ba, amma hakan ba ya nufin lallai ya taɓa diski.

PostgreSQL ta fi bayyana cikinta a nan. In aka saita log_temp_files zuwa 0, duk fayil ɗin wucin-gadin da aka goge za a rubuta girmansa da tambayar da ta haife shi. Teburin pg_stat_database yana da temp_files da temp_bytes ga kowane rumbu. EXPLAIN ANALYZE kuma zai faɗa kai tsaye ko jerawar ta ƙare a memori da quicksort, ko ta zuba a diski da external merge, har da yawan kilobait ɗin.

Abin da wannan awo yake yawan tonawa shi ne, ba rumbun ne duka yake zubar da shara ba, 'yan tambayoyi ne ƙalilan. Wani rahoto da ke jawo kowane gurbi da SELECT * alhali guda uku yake buƙata. Wani shafi da ke jera layi miliyan don ya nuna guda 20 na farko, domin babu fihirisar da ta dace da ORDER BY ɗinsa. Fihirisa guda a wurin da ya dace takan mayar da jerawar gigabait 2 ta zama babu ita sam, kuma babu RAM ɗin da zai yi gogayya da aikin da ba a yi ba.

Maɓallan da ke cikin rumbun kansa

In an gyara tambayoyi kuma har yanzu ana zuba, mataki na gaba shi ne a faɗaɗa wa rumbun wurin da yake aiki a memori kafin ya nemi fayil. A nan tarihin MySQL yana da muhimmanci, domin yawancin shawarwarin da ke yawo an rubuta su ne don manhajar da ta riga ta sauya.

Kafin MySQL 8.0, teburan wucin-gadi na ciki suna zama ne a injin ajiya da ake kira MEMORY. Iyakarsu ita ce wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin tmp_table_size da max_heap_table_size, kowanne megabait 16, don haka wanda ya ɗaga ɗaya ya bar ɗaya bai yi komai ba. Injin yana da halaye biyu masu ban haushi. Ba ya ɗaukar gurbin TEXT ko BLOB, saboda haka tambayar da ta ƙunshi irinsu kai tsaye take wucewa diski ko da layi goma ne. Kuma yana ware wa kowane VARCHAR cikakken faɗinsa: gurbin VARCHAR(255) a tsarin utf8mb4 zai ci bait 1,020 a kowane layi ko da harafi biyar ne a ciki. Megabait 16 ba ya daɗewa a haka. Teburin da ya tsallaka diski kafin MySQL 5.7 yana komawa injin MyISAM ne, a cikin foldar da saitin tmpdir yake nunawa. Ka ga kuwa mayar da tmpdir cikin RAM magani ne da ya dace da cutar.

Daga 5.7, wadda ta fito a 2015, aka mayar da teburan da suka tsallaka diski zuwa injin InnoDB, cikin fayil ɗin ibtmp1 da ke foldar bayanai. MySQL 8.0 ta 2018 ta zo da sabon inji, TempTable, wanda ba ya ɓarnar wuri a kan VARCHAR, daga 8.0.13 kuma ya fara ɗaukar BLOB. Yana ɗiba ne daga tafki ɗaya na kowa da kowa, temptable_max_ram, mai gigabait 1 a jerin 8.0. Daga 8.0.16 kuwa, teburin ciki da ya koma diski InnoDB ne babu zaɓi, kuma yana zama a foldar #innodb_temp, wadda innodb_temp_tablespaces_dir yake saitawa, ba tmpdir ba. Ma'ana, mutum yana iya bin tsohuwar shawara daki-daki a kan sabuwar MySQL, ya ware gigabait 4 na tmpfs, ya sake kunna saba, Created_tmp_disk_tables ya ci gaba da hawa, teburan kuma suna can inda suke. Cikin abin da ya rage a tmpdir akwai fayilolin jerawa da wasu abubuwan da za mu zo kansu. MariaDB ta bi wata hanyar: tana amfani da injin Aria, kuma teburanta na wucin-gadi suna nan a tmpdir, don haka tsohuwar shawarar tana da sauran ƙarfi a can.

A PostgreSQL tarkon na lissafi ne. work_mem ba kason rumbu ba ne, ba ma kason mai haɗi guda ba ne. Kason kowane mataki ne na jerawa ko haɗawa a cikin tambaya. Tambaya guda tana iya samun irin waɗannan matakai uku ko huɗu, kuma in an raba ta tsakanin ma'aikata da ke gudu tare, kowane ma'aikaci da nasa kason. Matakan da ke aiki da hash ma an ba su ninki biyu tun daga PostgreSQL 15, ta hanyar hash_mem_multiplier. A ɗauka an ɗaga work_mem zuwa megabait 256 ga kowa. Haɗi 100, kowanne da matakai 3, in suka zo lokaci guda gigabait 75 ke nan. Abin da ya fi hankali shi ne a bar na kowa a matsakaici, a ɗaga wa mai buƙata shi kaɗai: ALTER ROLE ga asusun da ke fitar da rahoto, ko SET LOCAL a cikin cinikin da ake son ya samu sarari. A kuma tuna cewa bayanai sun fi matsuwa a fayil fiye da a memori. In EXPLAIN ya ce an zuba megabait 50, work_mem na megabait 50 ba lallai ya isa ba.

A nan ne, a ganina, tmpfs yake da hujjar da ta fi ƙarfi, wadda ba a cika ambata ba. work_mem da sort_buffer_size suna ninkuwa da yawan masu aiki, babu rufi na gaba ɗaya a kansu. tmpfs kuwa tafki ne guda mai rufi guda. Ka ce gigabait 4, gigabait 4 ne ko mutum goma ne suka haɗu ko dubu. Wanda ya bar kason kowa ƙarami ya bar rarar ta zuba a tmpfs ya san mafi munin abin da wannan ɓangaren zai ci masa.

Yadda ake kafa shi

tmpfs tsarin fayiloli ne da ke cikin Linux tun jerin 2.4 na 2001. A idon manhaja folda ce kamar kowace, amma abin da ke cikinta a memori yake. Girman da aka ba shi rufi ne, ba wurin da aka killace ba: tmpfs mai gigabait 4 da babu komai a ciki bai ci komai ba. In ba a faɗi girma ba, rabin RAM yake ɗauka a matsayin rufi, wanda ya yi yawa ƙwarai ga sabar rumbu. Yana da ɗan'uwa, ramfs, wanda ba shi da rufi ko kaɗan, zai ci gaba da karɓa har injin ya shaƙe. Kada a kusance shi don wannan aiki.

Layi guda ne a fayil ɗin /etc/fstab:

tmpfs /var/lib/mysql-tmp tmpfs rw,size=4G,uid=mysql,gid=mysql,mode=0700,nosuid,nodev,noexec 0 0

Sai a ƙirƙiri foldar, a ɗora ta da mount, a rubuta tmpdir=/var/lib/mysql-tmp a ƙarƙashin [mysqld] cikin fayil ɗin saiti, a sake kunna MySQL, domin tmpdir ba ya sauyawa tana gudu. Girman tmpfs kuwa ana iya ƙara shi ba tare da tsayar da komai ba, da mount -o remount,size=6G.

Ƙananan abubuwa ne suke kayar da mutane a nan. A Ubuntu, tsarin tsaro na AppArmor zai hana MySQL taɓa foldar da ba ta cikin jerin da aka yarje mata. A Red Hat da danginta, SELinux ne zai hana in lakabin foldar bai dace ba. Saƙon da za a gani na rashin izini ne, mutum ya yi ta duba mai folda alhali ba nan matsalar take ba. Sannan a tabbatar tmpfs yana hawa kafin rumbu ya tashi, wanda a systemd ake yi da RequiresMountsFor. In bai hau ba, foldar tana nan a kan babban diski, rumbun zai ci gaba da rubutu a cikinta shiru, ba wanda zai sani. Kuma a ba shi foldarsa shi kaɗai. Kada a tura shi /tmp ko /dev/shm, inda kowace manhaja take da damar zuba nata.

PostgreSQL tana ajiye fayilolinta na wucin-gadi a foldar pgsql_tmp, kuma hanyar kai su wani wuri ita ce a ƙirƙiri tablespace, wato wurin ajiya da ake yi wa rajista a rumbun, a saka sunansa a temp_tablespaces. Amma takardun PostgreSQL kansu sun yi gargaɗi cewa ɗora tablespace a kan wurin da ke gogewa, irin na RAM, yana jefa amincin rumbun gaba ɗaya cikin haɗari. Dalilin a fili yake. Rumbun yana ɗaukar tablespace a matsayin ɓangaren jikinsa na dindindin, kuma in an sake kunna inji foldodin da ya gina a ciki sun tafi, sai an sake gina su kafin ya tashi. Abin da ya fi wannan muni: kafin mai amfani ya ci moriyar wurin sai an ba shi izinin CREATE a kansa, kuma wannan izinin ne dai zai ba shi damar ajiye teburi na gaske a can. Ranar da wani ya yi haka bisa kuskure, teburin zai rayu ne zuwa ɗaukewar wuta ta gaba. Akwai dai wani amfani da RAM da ya shahara a PostgreSQL kuma ba shi da wannan haɗari, wato mayar da foldar ƙididdiga, stats_temp_directory, wadda ake yawan sake rubutawa. Wannan ya zama tarihi: PostgreSQL 15 ta 2022 ta kwashe ƙididdigar zuwa memorin tarayya, ta cire saitin.

Ranar da ya cika

A ɗauki saba mai gigabait 32. InnoDB ta ɗauki 22 don ma'ajinta na shafukan bayanai, haɗe-haɗe suna cin wajen 3, Linux da sauran manhajoji 2. Saura 5. tmpfs mai gigabait 4 zai shiga, da ƙyar. Wanda yake son 10 dole ya rage innodb_buffer_pool_size, kuma duk shafin da aka kora daga can, karatu ne na gaske da zai koma diski, a kan tambayoyin da kowa yake yi kowane sakan. An hanzarta rahoto guda da ake fitarwa sau biyu a rana, an rage wa sauran duka gudu. Garin neman gira ke nan.

Memorin tmpfs kuma ba irin na ma'ajin shafuka ba ne. In Linux ta matsu, tana iya watsar da shafukan fayilolin diski, domin asalinsu yana can. Na tmpfs ba su da wani asali. Ko dai su zauna, ko a tura su suwap, wato ɓangaren diski da Linux take sauke rarar memori a kansa. In an tura su suwap, an koma diskin da aka gudu, ta hanyar da ta fi wahalar ganewa. Daga Linux 6.4 ta 2023 akwai zaɓin noswap da ke hana hakan, amma shi ma yana nufin matsin zai faɗa kan wani. Umarnin free ma yana iya yaudarar mai dubawa, domin yana lissafa abin da ke tmpfs a cikin buff/cache, wurin da aka saba ɗauka cewa memori ne da za a iya ƙwatowa. Gurbin available shi ne abin kallo.

In rufin ya yi ƙasa, tambaya za ta mutu da kuskure mai lamba 28, wato babu sauran wuri. Ba ita kaɗai ba. Tambaya guda ce ta cika tafkin, amma duk wata ƙaramar tambaya da ta nemi fayil a wannan lokaci ita ma za ta faɗi, ba da laifinta ba. In kuma rufin ya yi sama har memori ya ƙare, Linux za ta zaɓi wanda za ta kashe, kuma takan zaɓi mafi cin memori, wanda a irin wannan inji rumbun ne. Daga nan sai farfaɗowa daga kundin ciniki, sai jiran ma'ajin shafuka ya sake cika. A Docker da Kubernetes abin ya fi kusa, domin abin da kwantena ta rubuta a tmpfs, har da emptyDir mai medium: Memory, ana lissafa shi ne a cikin iyakar memorinta.

Girman da ake buƙata kuwa ba a auna shi da ranar yau da kullum. Takardun MySQL sun ba da ma'auni ga jerawa: tsawon abin da ake jerawa a haɗa da girman manunin layi, a ninka da yawan layukan, a sake ninkawa biyu. Kuma ba jerawa kaɗai ke shiga tmpdir ba. Cinikin da ya fi binlog_cache_size girma, wanda asalinsa kilobait 32 ne, yana zuba rararsa a can kafin a tabbatar da shi. UPDATE ko DELETE guda a kan layi miliyoyi yana iya kai gigabait da yawa. ALTER TABLE mai gina fihirisa yana ajiye fayilolin jerawarsa a can, kuma haushin shi ne yakan faɗi bayan ya shafe awanni yana aiki. Don wannan aka yi innodb_tmpdir, a nuna masa diski na gaske. Sabar da ke kwafar wata kuma, takardun MySQL suna ba da shawarar kada fayilolinta na LOAD DATA su zauna a wurin da ke gogewa in an sake kunnawa. Replica_load_tmpdir, wanda a da ake kira slave_load_tmpdir, shi ke raba su.

Wasu suna zaton sun samu mafita: tunda tmpdir yana karɓar foldodi da yawa, sai su sa tmpfs farko, diski na biyu, wai in na farko ya cika a tsallaka. Ba haka yake aiki ba. MySQL tana zagaya su ne bi da bi, ba ruwanta da wanda ya cika. PostgreSQL ma rarraba kaya take yi a tsakanin waɗanda ke temp_tablespaces. Abin da ke kare tafkin da gaske shi ne a ɗaure mai haɗama. PostgreSQL tana da temp_file_limit, wanda ke soke cinikin da ya wuce iyakar da aka sa wa kowane ma'aikaci, kuma a buɗe yake sai an saita shi. A MySQL, max_execution_time yana katse SELECT ɗin da ya daɗe. Mai sa ido kuma ya san cewa MySQL tana cire sunan fayil ɗin wucin-gadi da zarar ta buɗe shi, saboda haka ls zai nuna folda wayam alhali df yana cewa ta cika. lsof +L1 ne zai nuna su.

Sauran manhajoji kowace da salonta. SQL Server tana tara duk wannan aiki a tempdb, wanda ake ginawa sabo duk lokacin da aka kunna ta. A sigar 2019 Microsoft ta ba da damar mayar da teburan da ke riƙe bayanin tsarinsa cikin memori, domin a can cunkoson yakan kasance, ba a kan diski ba. Oracle tana jerawa a PGA, memorin aikinta, kafin ta zuba a tablespace na wucin-gadi. SQLite layi guda ne, PRAGMA temp_store = MEMORY.

Akwai kuma hanyar tsakiya da na fi karkata gare ta ga mafi yawan sabobin gajimare. Injuna da yawa a can suna zuwa da diskin NVMe na cikin gida wanda ke gogewa in an kashe injin. Bai dace da bayanan amana ba, amma ga fayilolin wucin-gadi daidai yake: ba ya cin kason diskin sadarwa, ba ya taɓa RAM, kuma girmansa yakan kai ɗaruruwan gigabait, don haka ALTER TABLE da babban rahoto suna da wurin miƙe ƙafa. Ma'ajin shafukan Linux yana nan a gabansa yana tare ƙananan fayiloli kamar kullum.

Wanda awonsa ya nuna tmpfs ne dai mafita, kuma yana da rarar RAM ta gaske bayan ma'ajin shafuka ya ƙoshi, gwaji biyu ne suka rage masa a sabar gwaji kafin ya taɓa ta aiki. Ya cika foldar da gangan da fallocate yayin da tambayoyi ke gudu, ya ga abin da manhajarsa take nuna wa masu amfani in kuskure na 28 ya zo. Sannan ya sake kunna injin gaba ɗaya, ba rumbun kaɗai ba, ya duba da findmnt cewa foldar ta hau a matsayin tmpfs, da mai ita da izininta daidai, kafin rumbun ya fara karɓar haɗi.